Madubin Makewayin Baba

Mahaifina ya faɗi a makewayi cikin damina, a gidanmu na ƙauye, can gaba da Shagari ta wajen Lambara. Makewayin irin na da ne, katangar laka ba rufi, da wani faffaɗan dutse da ake tsayawa a kai a yi wanka. Gansakuka ta kama dutsen, santsi ya kwashe shi, ya bugu a ƙugu. Tun da mahaifiyarmu ta rasu shi kaɗai yake kwana a gidan, don haka ya daɗe kwance a wurin kafin wani maƙwabci da ya shigo aron fartanya ya ji tarinsa. Tari fa na ce, ba kira ba. Daga baya ya ce wai bai ga dalilin da zai tara wa kansa jama'a ba alhali ba riga a jikinsa.

Ni ne babban ɗansa, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Boɗinga. Muka taru da ƙannena muka yanke cewa zamansa shi kaɗai ya ƙare, ya dawo wurina. Yanke shawarar bai ɗauke mu shan shayi ɗaya ba. Da aka zo kan wanda zai faɗa masa kuwa, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, aka bar ni da aikin. Na same shi a zaure ya miƙe ƙafar a kan buzu, na yi ta kewaye-kewaye, har na zo kan cewa shekaru sun ja.

Ya ce, "Wa yac ce muku na tsuhwa? Dutse na yat tsuhwa, ba ni ba. Ku sake dutse."

Na ce, "Baba, ai ba dutsen kaɗai ba na."

"Bara wa yad dasa albasar fadama? Ku? Kai da ko kwando ba ka iya ɗauka sai ka yi nishi?"

Haka muka yi ta yi har damina ta fita, aka yanke gero. Na tura masa limamin ƙauyen, na tura masa ƙanwarsa, duk ya kora su da fara'a. A ƙarshe dai, da ya ga zan zame masa ciwon kai, ya sassauto kaɗan. Ya ce zai zo ya duba. In wurin ya yi masa, to. In bai yi ba, motoci ba su ƙare a hanyar Shagari ba. Na san halinsa sarai: in ya zo ya koma, ko da igiya ba mai sake jawo shi, kuma dutsen nan yana nan yana jiransa.

Sai na tashi haiƙan. Akwai wani ɗaki a gidana kusa da ƙofar shigowa, inda muke jibge buhuna da tsohon keke. Na sa aka kwashe, aka yi fenti, aka fasa bango aka fitar da makewayi a cikin ɗakin, don kada ya taka ko'ina da sanda cikin raɓa. Aka shimfiɗa tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, aka sa masai na zama saboda ƙugun, aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Duk wannan mai hankali ne ya yi shi, ba wanda zai kushe. Inda na fara wuce gona da iri shi ne madubi.

Asalin abin, an taɓa kai mu wani taron malamai a Sakkwato, aka sauke mu a otal. A makewayin ɗakin da aka ba ni akwai wani madubi da ya cinye rabin bango. Ranar na fara ganin cewa tsakiyar kaina ta fara sanƙo, amma duk da wannan mummunan labari madubin ya shiga raina. Tun daga lokacin na ɗauka cewa makewayin da ba madubi, makewayin talaka ne. To yanzu ga shi ina gina wa ubana, mutumin da ya sayar da bijiminsa ya kai ni makaranta. In ban sa masa ba, wa zan sa wa?

Matata ce ta fara tsayawa a gabana. Mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, amma in ta ajiye kalma sai ka kwana kana juya ta. Ta ce, "Malam, mi Baba za shi yi da madubi cikin makewayi? Jan baki za shi shahwa?"

Na cika na yi fam. Na ce mata ba ta san Baba ba, mutum ne mai son madubi tun muna yara. Kuma a ganina gaskiya na faɗa. A bangon zaurenmu na ƙauye akwai wani ɓallin madubi, bai fi tafin hannu ba, an danna shi cikin laka tun ana gini. Kullum safiya Baba zai tsaya gabansa ya gyara hula, ya shafa gemu, ya karanta addu'ar nan ta duba madubi, wadda ake roƙon Allah kamar yadda Ya kyautata halittar mutum Ya kyautata halinsa. Da ƙarfi yake yin ta, har kaji sun san ta. Ba kuma a zaure kaɗai ba. In ya leƙa randa ya ga fuskarsa, sai ya yi. In wanzami ya miƙa masa ɗan madubi bayan aski, sai ya yi. Akwai ranar da ɗan kabu-kabu ya ɗauko shi daga Shagari, fuskarsa ta yi ta leƙowa a madubin babur, shi kuma ya yi ta maimaita addu'ar har ƙofar gida. Mai babur ɗin ya sauke shi a fusace, ya ce in tsoron tuƙinsa yake ji ai sai ya faɗa tun a tasha.

Na kwashe duk wannan na zayyana wa matata a matsayin hujja. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, Allah shi sa alheri," ta ci gaba da tankaɗe.

Akwai wani mai yankan gilashi kusa da tasha, a wani shago mai rumfar kwano. Ya jingina madubai a bango suna kallon titi, duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya ya saci kallon kansa. Saurayi ne mai zaƙin baki, da fensir a bayan kunne. Na ce masa madubin makewayi nake so, na dattijo, mai mutunci.

Ya fara fito mini da wani mai firam ruwan hoda, da furannin roba a kusurwa. Na ce masa ubana ba amarya ba ne. Ya kawo wani, na leƙa, sai na ga kaina ya yi tsawo kamar gora, haɓata ta sauko ƙirji. Ya ce in ɗan matsa baya zai daidaita. Na matsa baya, kan ya dawo daidai, ciki kuma ya tafi gefe guda. Na ce ya mayar. Akwai wani mai ramar da mutum, wanda ya rantse mini cewa ba ya kwana a shago don matan ma'aikata na rububinsa. Wannan ya ɗan ja hankalina, don na daɗe ban ga kaina haka ba, amma na tuna Baba in aka ƙara ramar da shi ba abin da zai saura sai hula da sanda. Wani kuma mai duhu ne, kamar kana duba kanka a cikin ruwan shayi.

Da ya ga na fara gajiya, sai ya shiga ciki ya fito da wanda yake ji da shi, a nannaɗe cikin kwali. Madubi ne mai kyau ƙwarai, garau, ba karkata ko kaɗan. A samansa an rubuta Masha Allah da ruwan zinare.

Nan malantata ta motsa. Na gyara tsayuwa na ce, "Kai, ina kat taɓa ganin an shiga da sunan Allah makewayi? Wuri na da ko sallama anka yi ma ba ka amsawa, ko atishawa kay yi ba ka hamdala a hili. Kai kuma kana son in kahwa wanga can?" Na yi masa wa'azi mai tsawo, har masu jiran mota suka matso suna gyaɗa kai. Wani dattijo mai buhun albasa ya ce Allah Ya ƙara ilimi. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba.

Ƙarshe muka daidaita a kan fallen madubi zalla, mai kauri, ba firam ba rubutu, a yanka mini daidai yadda nake so. Ya tambayi girma. Na nuna daga gwiwata zuwa sama da kaina, don so nake ya fi na otal ɗin nan. Ya tambaya da ƙusa za a kafa ko da gam. Na ce da gam, ba na son abin da zai sukurkuce ya faɗo wa tsoho.

Ya ce, "Malam, in anka manna hwa ya mannu ke nan."

Na ce abin da nake so ke nan.

A keke mai ƙafa uku muka ɗauko shi, ni da mai gilashin muna rungume da shi a tsaye kamar marar lafiya. Hanya duk ramuka, kowane rami sai na ƙara ƙanƙame shi. Da muka iso, bango ɗaya ne kawai ya rage ba famfo ba taga, wato wanda ke kallon ƙofa. Can aka manna shi. Duk mai buɗe ƙofar makewayin, kafin ya ga komai sai ya yi kiciɓis da kansa tun daga sama har ƙasa. Na kunna fitila na kashe, na sake kunnawa. Na kira matata ta gani, ta ce lalle ya yi girma.

Baba ya iso da ƙullin kayansa, da buzu, da buta, da ƙaramin rediyo. Bayan ya huta ya sha fura, na ce ya zo ya ga wuri. Ya dubi gado ya danna katifa da sanda. Ya dubi ƙofar da ke kusurwa ya ce ta mece ce. Da na faɗa masa, ya ce, "Wato ni da salga ɗaki guda za mu kwana." Na yi masa bayanin ruwa da bututu, ya ce ya ji. Sai na kama mariƙin ƙofar, na tura ta a hankali, na kunna fitila, na koma gefe ina murmushi.

Ya sa ƙafar hagu ya shiga. Na ji ya fara wata magana ya datse ta da tari. Bai daɗe ba ya fito da baya da baya, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce, "Madalla." Daga nan ya zauna a kan buzu ya jawo tasbaha, bai ajiye ta ba har la'asar. Na leƙa na ga bakinsa na motsi, na koma na ce wa matata, "Kin gani? Albarka shika sa min."

Washegari da safe na ga Baba ya ɗauki buta da sanda ya nufi ƙofar gida. Na ɗauka iska zai sha. Ashe makewayin masallacin unguwa ya tafi, can ƙarshen layi, a ɗingishe, yana tsallake kwata. Da rana ya sake. Da aka sake kwana ma haka. Wanka kuwa sai ya faki idon mutane ya ja bokiti bayan ɗakin girki. Makewayin da na zuba ƙarfina a ciki yana nan a bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa babu a tayil ɗin.

Unguwa ba ta ɓoye irin wannan. Mai shagon kusa da mu ya tare ni ya ce in famfonmu ne ya lalace akwai wani mai gyara da ya sani. Ladan ya ja ni gefe bayan azahar, ya yi mini nasiha mai laushi a kan haƙƙin iyaye, ya ce tsoho ko bai nema ba a riƙa sama masa wurin kewayawa a kusa. Ni da na fasa bango! Na dawo gida kamar in fashe, na rasa wanda zan sauke wa, na sauke wa akuyar maƙwabta da ta shigo cin dusa.

Na shiga bincike. Na ce ko masai na zama ne bai saba da shi ba, na nemo masa wata dabara ta tsuguno mai ɗan tudu. Bai shiga ba. Na ce ko wurin yana fuskantar alƙibla ne ban lura ba, na shiga da wayata mai nuna alƙibla ina juyi a tsakiyar makewayi har jiri ya ɗebe ni, na tarar daidai yake. Na shimfiɗa tabarmar roba. Na sa aka turara wurin. Na cire farin ƙwan fitila na sa ja, don wani abokin aikina ya ce tsofaffi ba sa son haske mai kashe ido. Duk wannan aikin a gaban madubin nake yinsa, yana nuna mini wani mutum mai sanƙo yana haɗa gumi, ban taɓa zarginsa ba ko sau ɗaya.

In na tambayi Baba, amsa ɗaya ce. "Dut ya yi. Allah shi yi ma albarka."

Ran nan da safe ya fito da ƙulu a goshi, ya yi tsiri kamar ƙwan zabo. Na ce me ya faru, ya ce shi da bango ne suka gaisa. Na duba makewayin na ga tayil a jiƙe, alamar ya shiga. Na rasa murna zan yi ko tsoro. A yammacin ranar, muna zaune a ƙofar gida, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Gobe kasuwar Shagari. In motoci sun tashi za ni bi. Rumbu na son a diba shi."

Na san ba rumbu ba ne. Haushi nake ji, na mutumin da ya yi iya yinsa aka ƙi faɗa masa laifinsa, amma tsoro ya fi haushin yawa. Abin da nake gani kawai shi ne dutsen nan mai gansakuka, da Baba kwance a kansa yana tari don kada a gan shi ba riga. Na buɗe baki in yi magana, ya ɗaga rediyo ya kara a kunne.

Allah da ikonSa, a daren matata ta yi dafa-dukan wake, Baba kuma ya ci da yawa don ya ce rabonsa da irinsa tun mahaifiyarmu na da rai. Da gari ya waye cikinsa ya ƙi ba shi damar tafiya har masallaci. Ni ban sani ba. Na ɗauko masa kunu na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, shiru. Na shiga na ga ƙullin kaya a ɗaure a kan gado, na ji motsin ruwa a makewayi, sai na tsaya da kofi a hannu.

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi. Baba ya fito da saurin da ban ga ya yi ba tun kafin faɗuwar, ba sanda, ƙafafu a jiƙe, ya toshe baki da tafin hannu, kumatu sun kumbura, idanu sun fito. Na dire kofin na rarumo tasa na tara masa, don na tabbata amai ne. Ya ture tasar, ya kai tsakiyar ɗaki, ya cire hannu. Sai ga addu'ar fita makewayi da addu'ar duba madubi sun zubo tare cikin numfashi ɗaya, wata na taka wata. Da ya kai ƙarshe ya dafa gado yana haki.

Muka tsaya muna kallon juna, ni da tasa a hannu.

Ya ce, "To ka gani. Mi kaka kallo?"

Na ce, "Baba, madubin na?"

Ya zauna a bakin gado. "Ka aje min mutum bakin ƙohwa. Da na buɗe shina nan tsaye. Ni ko tun ina yaro, in nig ga huskata bakina ka tashi da kai nai, ba shi shawara da ni. Ranar hwarko sai da rabinta taf hita, cikin wurin ga. Wunin nan dut istigfari niy yi, kai kana leƙowa kana washe baki."

Na tuna wa'azin da na yi wa mai gilashi a gaban jama'a, da dattijon da ya ce Allah Ya ƙara ilimi. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Duk da haka malanta ba ta sake ni ba. Na ce, "Ai Baba, malamai sun ce in mutum na ciki, ko a zuci yay yi ya wadatar."

"Na gwada. Zuciya na ɗaukowa, halshe ka amshewa." Ya nuna ƙulun goshinsa. "Wanga kuma ranar da nir rumtse ido nis shiga da lalube na. Na so in rataya mai gwado, babu ko ƙusa guda, ka liƙe shi kamar hwata."

Na ce to me ya hana ya faɗa mini tun ranar farko.

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Sa'annan ya ce, "Yadda kab buɗe ƙohwar nan kana murmushi kamar ka kawo min amarya, da wane baki za ni ce ma ka ɓamɓare?"

Dariya ce ta fara zuwa mini, na danne, ta ƙi dannuwa. Kafin ta ƙare kuma na ji idona ya cika. Wato tsohon nan ya gwammace ya yi ta ɗingishi zuwa ƙarshen layi, ya fasa goshi, ya koma ƙauye wurin dutsensa, da ya ɓata mini murnata. A bayan labule na ji matata ta shaƙe da tata dariyar, ta gudu ɗakin girki tana tari.

Na hau babur ban ko canza riga ba, na ɗauko mai gilashi daga kan karin kumallo. Da ya ji aikin, ya cire fensir daga bayan kunne ya dube ni, ya ce, "Malam, ai na hwaɗa ma." Na ce ya faɗa, Allah Ya ba shi lada, ya zo mu tafi. Ya zo da wata siririyar waya, ya zura ta bayan madubin, shi a gefe ni a gefe muna ja kamar masu zarto. Gam ɗin nan ya riƙe amana fiye da yadda ake bukata. Muka yi sharkaf da gumi kafin ya saki, ya tafi da fentin bango, kusurwa ɗaya kuma ta ɓalle. Muka fito da shi, muka rasa inda za mu kai, muka jingina shi a baranda kusa da ƙofar ɗakin Baba.

Na ce, "Baba, an cire. Bango na zalla yanzu."

Ya leƙa ya gani, ya ce ya yi kyau. Amma ya riga ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya ɗauki ƙullinsa. Ya ce ai ya riga ya yi niyya, kuma ya ba mu wahala da yawa, mutum mai ƙarfinsa bai kamata ya zauna ana kawo masa kunu har gado ba. Na roƙe shi, matata ta durƙusa daga nesa ta roƙe shi, ya ce Allah Ya yi mana albarka, kada motoci su tashi su bar shi. Ya sa kai ya fito baranda.

Sai ya yi kiciɓis da madubin. Nan ba makewayi ba ne, don haka ya tsaya ya karanta addu'arsa a fili, a tsanake, har ƙarshe, ya shafa gemu. Na zaci zai wuce. Bai wuce ba.

Sai a lokacin na lura da wani abu. Duk tsawon rayuwarsa, abin da Baba ya sani na kansa shi ne abin da ɓallin nan na zaure ke nunawa: hanci, da gemu, da bakin hula. A makewayi kuwa gudu yake yi, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Yau ne farkon ranar da ya ga mutumin gaba ɗaya, cikin hasken hantsi. Ya dubi wuyan da ya zama jijiya zalla. Ya dubi yadda rigar ta rataya a kafaɗu kamar an shanya ta. Ya juya gefe ya ga doron. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya miƙu kaɗan, ya koma yadda yake. Ya taka ɗaya, biyu, yana kallon yadda ƙafar ke ja da yadda hannun ke rawa a kan sanda. Har mai gilashi ya daina naɗe wayarsa.

Can ya ce, a hankali, "Ashe haka nika tahiya."



Ya ƙara matsawa kusa, suka dubi juna ido cikin ido shi da na cikin madubin. Sa'annan ya juyo gare ni, ya haɗe gira, irin haɗewar da yake yi mana muna yara in mun bar awaki sun shiga gonar mutane. Ya nuna madubin da sanda.

"Wanga tsoho kunka bari shi ɗai cikin ƙauye, har yah hwaɗi ba kowa kusa? Ɗiya nai ba su da kirki."

Na ce, "Wallahi ba su da shi, Baba."

Ya miƙo mini ƙullin ba tare da ya daina kallon tsohon ba. Na karɓa da hannu biyu, na shige da shi ɗaki da sauri, na kwance shi na zuba kayan a cikin akwati tun kafin ɗayansu ya sake shawara.